Gwangwani na Huɗu

Ni haifaffiyar Potiskum ce a jihar Yobe. Mahaifina dillali ne a kasuwar shanun garinmu, mahaifiyata kuwa man gyaɗa take matsa a tsakar gida, ta soya ƙuli-ƙuli yara su kai talla. Na yi karatun malanta na samu NCE, na koyar a firamare shekara huɗu. A 2016, lokacin da ƙungiyoyin agaji suka cika Maiduguri da Damaturu saboda ɗimbin jama'ar da rikici ya raba da garuruwansu, wata ƙungiya ta ɗauke ni tafinta. Ina jin Turanci, ina taɓa Kanuri, kuma mata suna sakin jiki da ni. Aikina shi ne in bi jami'ai sansani-sansani, su tambaya in juya, a amsa in juya, in cike amsoshin a waya.

A shekarata ta biyu aka haƙa rijiyar burtsatse a wata unguwa da 'yan gudun hijira suka yi yawa. Tun ana auna wurin matan suka ja ni gefe suka ce, "Malama, ki gaya musu nan majalisar maza ce. Daga hantsi har magariba suna ƙarƙashin bishiyar can. Wace matar aure ce za ta zo ta duƙa tana ɗiban ruwa a gabansu?" A mota muna komowa na faɗa wa jami'in da nake bi. Ya saurare ni da mutunci, ya ce an riga an sa hannu a kwangila, kuma wurin ya cika ƙa'ida. Gaskiya ya faɗa. Littafin Sphere na ƙa'idojin aikin agaji, wanda ƙungiyoyin agaji suka fara haɗawa a 1997 bayan matsalolin da aka gani wajen agaza wa 'yan gudun hijirar Ruwanda, ya ce kada tazarar gida da wurin ruwa ta wuce mita 500, kuma kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 a rana. A takarda famfon nan ya cika duka biyun. Bayan an buɗe shi yara kaɗai ke zuwa da ƙananan jarkoki, iyayensu mata suna ci gaba da sayen ruwa wajen 'yan garuwa da kuɗin da ya kamata ya tafi cefane.

Abin ya daɗe yana cina. A taron mako ina zaune a kujerar ƙarshe, ana ta magana da kalmomin da ban san inda zan saƙa maganar matan nan a cikinsu ba. Na san abin da ya faru tun kafin ya faru, amma bakina a ɗaure yake.

A 2018 aka buɗe gurbin mataimakiyar jami'in aiki, na nema. Na je ganawa da jakar takardu cike da shaidar halartar bita, goma sha ɗaya cif, kowacce da tambari da sa hannu. Ban samu ba. Bayan kwana biyu wani dattijo cikin waɗanda suka yi mana tambayoyi ya kira ni ofishinsa ya ce, "Ƙanwata, kada ranki ya ɓaci. Takardun nan naki duk abu ɗaya suke shaidawa, kin je kin zauna. Babu wadda ta ce an gwada ki." Na ce, "Yallaɓai, to ina ake gwajin?" Shi ya fara ambata mini PMD Pro, ya tura mini littafin a wayata nan take. Allah ya saka masa da alheri, ya yi mini abin da uba ke yi.

PMD Pro shaidar ƙwarewa ce a kan tafiyar da ayyukan raya al'umma. An fito da ita a 2010, ƙungiyar PM4NGOs ce ke riƙe da ita, kuma a 2020 aka sabunta littafin aka mayar da sunan Project DPro. Littafin kyauta ake sauke shi daga intanet, jarrabawar ce ake biya. Akwai shi da Turanci da Faransanci da Larabci da wasu harsuna, ni da Turanci na karanta, a ƙaramar waya, bayan sallar isha'i, da fitila mai caji. Na sayi littafin rubutu mai kauri na ƙudura cewa duk abin da ban iya rubuta shi da Hausa ba, to ban gane shi ba tukuna. Wani shafin sai in kwana uku a kansa.

A can na haɗu da bishiyar matsala. Ka zana gangar jiki, ita ce matsalar da kowa ke gani. Ka tona saiwoyi, su ne musabbabai. Ka miƙe da rassa, su ne abin da matsalar ke haifarwa. Na haɗu da tantance masu ruwa da tsaki, wato ka jera duk wanda aikin zai shafa, ka duba wa ke da iko, wa ke da buƙata, wa za a manta da shi in ba a neme shi ba. Sannan jadawalin manufa, wanda tun ƙarshen shekarun 1960 aka ƙirƙiro shi a Amurka, mai layuka huɗu da ginshiƙai huɗu. Ginshiƙin ƙarshe na zato ne, abubuwan da ka ɗauka za su tabbata kafin aikinka ya yi amfani. Daren da na kai wurin nan na ajiye wayar na yi shiru. A aikin famfonmu zaton shi ne mata za su zo su ɗiba. Babu wanda ya rubuta shi, don haka babu wanda ya bincika ko gaskiya ne. Da na san wannan a lokacin, da na ɗaga hannu daga kujerar ƙarshe na ce akwai zaton da bai tsaya ba, kuma ga shaidata daga bakin matan. Daga baya ma na ga shi kansa littafin Sphere ya ce a shawarci mata kafin a zaɓi wurin ruwa. Mun ɗauki lambobin mun bar sauran.

Na zauna jarrabawar a 2019 a wani shagon intanet, janareto na ruri a bayan taga. Tambayoyi 75 ne, kowacce ka zaɓi amsa ɗaya, kuma sai ka ci kashi 65 cikin ɗari. Kuɗin rajistar daga adashin da nake zubi na ɗauka. Da sakamakon ya fito na ga na haye, a nan cikin shagon na yi sujjadar godiya. Shekara ba ta zagayo ba aka sake buɗe gurbi, wannan karon na samu.

Sashen da aka kai ni na sana'o'i ne da asusun mata. Aka tura mu horo kan tsarin da ake kira VSLA: mata goma sha biyar zuwa ashirin da biyar su haɗu duk mako, kowa ta zuba gwargwadon ƙarfinta, a sa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku daban, a riƙa ba juna rance, a ware ɗan wani abu don rashin lafiya ko rasuwa, bayan wata tara zuwa shekara a fasa a raba. A rana ta biyu mai koyar da mu ta ce tsarin a jihar Maraɗi aka fara shi, a 1991, ƙungiyar CARE da matan karkara, kuma sunansa na asali Mata Masu Dubara. Jikina ya yi sanyi, ga daɗi ga wani abu mai kama da kishi. Abin da ake koya mana da Turanci a ɗakin otal, ana kiransa sabuwar dabarar kyautata rayuwar al'umma, ashe da Hausa aka raɗa masa suna, kuma a kan asusu da adashin iyayenmu aka gina shi. Ya zaga ƙasashen Afirka da Asiya ya dawo mana da haruffa huɗu. Ban raina gyaran da aka yi masa ba, kwaɗo uku da littafin zubi sun hana rigingimu da yawa da na sha gani a adashin unguwa. Amma tun ranar na daina jin cewa ni baƙuwa ce a wannan fanni.

Matan da muke wa asusu suna karɓar rance, sai dai da yawa ba sa iya mayarwa cikin sauƙi, duk da kullum suna kan sana'a. Wannan ya kai ni ga takarda ta biyu, wadda ta fi ta farko ba ni wuya nesa ba kusa ba.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wadda aka kafa a 1919, tana da shirin horar da masu ƙananan sana'o'i mai suna SIYB. Tushensa wani horo ne da ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta Suwidin ta tsara a shekarun 1970, yau ana amfani da shi a ƙasashe fiye da 100. Matakai huɗu ne: nemo dabarar sana'a, fara ta, inganta ta, faɗaɗa ta. A matakin ingantawa akwai darussan talla da neman kasuwa, fitar da kuɗin da kaya suka ci, saye da kula da haja, ajiye lissafi, tsara gaba, da mu'amala da ma'aikata. Har da wasa ake yi, a raba mutane rukuni-rukuni suna ƙera hulunan takarda suna sayarwa, sai a zaro kati ya ce yaro ba lafiya ko biki ya taso, a ga wanda zai ci jarinsa. Shiga horon masu horarwa ba ya mayar da kai mai horarwa. Bayan ka gama sai ka fita da kanka ka zaɓo masu sana'a, ka binciki abin da suke buƙata, ka tsara darasi, ka koyar, ka bi su har wuraren sana'arsu, ka rubuta rahoto. Babban mai horarwa, wanda ILO ta ba lasisi, shi ke duba wannan duka kafin ya ce a ba ka shaida.

A 2022 na gama horon, na tara mata ashirin a wani ajin Islamiyya da aka ara mana. Masu ƙuli-ƙuli, masu awara, masu daddawa, masu ɗinkin hula guda biyu. Babbar mai horarwar, wata mata mai natsuwa da ta girme ni sosai, ta zauna a bencin baya da takardarta. Darasin ranar fitar da kuɗin kaya ne. Na shirya kamar zan shiga aji shida, na cika allo da jadawali, na yi bayani tiryan-tiryan. Duk lokacin da na ce kun gane, sai su amsa, "Mun gane, Malama." Na fito ina jin na yi ƙoƙari.

Da kowa ya watse ta kira ni ta ce, "Ƙanwata, zauna. Na duba agogo. Cikin awa biyu, su ashirin ba su yi maganar minti goma ba. Akwai wadda ta shekara talatin tana sana'a a ajin nan. Me kika tambaye ta?" Na rasa amsa. Ta ce, "Kin san littafin, wannan babu shakka. Amma yau ba zan sa hannu ba. Ki sake shiri." Na ce, "To, Malama, na gode." Na riƙe hawayena har na shiga Keke Napep.

A gaskiya kwana biyu ina ganin an tsananta mini. Yanzu kuwa, da ni ce a bencin bayan nan, abin da zan yi ke nan. Shekara huɗu na koyar da yara waɗanda ba su san abin da ke kan allo ba sai na faɗa musu, na ɗauko wannan hali na kawo wa matan da suka aurar da 'ya'ya da kuɗin tunkuza.

Ƙarshen makon na tafi Potiskum. Na tarar da Inna ta dawo da niƙa, tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa, man yana tasowa. Na ja kujera 'yar tsugune na ce, "Inna, in kin sayi tiya goma, ta yaya kike sanin kin ci riba?" Ta dube ni ta ce, "Yau kuma? 'Yar nan, a gidan nan kika girma." Na ce, "A nan na girma, amma ban taɓa tambaya ba." Ta aiki ƙanwata ta ɗauko gwangwanayen madara uku daga ƙarƙashin gado. Na san su tun ina yarinya, ban taɓa sanin aikin kowanne ba. Ta ce wannan na uwar kuɗi ne, kuɗin mai ke shiga nan, da shi ake komawa kasuwa, ko wuta ta kama ba a taɓa shi. Wannan na ƙuli ne, shi ne riba, daga nan ake cefane. Wannan kuma na zubin adashi. "Mai ke mayar da uwa," in ji ta, "ƙuli ke ciyar da gida."

Abin da na cika allo da shi na raba kuɗin sana'a da na gida, ga shi nan a gwangwani uku, kuma ya fi nawa fita. Sai na ce, "Inna, itacen suya fa, daga wane gwangwani yake fita?" Ta ce daga na cefane, ai itace na gida ne. Kuɗin niƙa fa? Shi ma. Kwalabe da leda? Ta yi shiru. Na debo gyaɗa a faranti, muka sa ƙwaya ɗaya a matsayin naira ɗari, muka ware na itace, na niƙa, na mota zuwa kasuwa, na gishiri da yaji. Tulin da take kira riba ya ragu a gaban idonta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Shi ya sa in damina ta yi, itace ya yi tsada, nake ganin kamar an sa mini hannu." Na ce saura ɗaya, wahalarki, daga asuba zuwa la'asar. Ta ce, "A'a. Mutum ya biya kansa? Wannan kuma boko ne."

Bayan wata ɗaya na sake tara matan, babbar mai horarwar ta koma bencinta. Ban taɓa alli ba sai can ƙarshe. Na ajiye gwangwanaye da farantin gyaɗa a gaban kowane rukuni, masu sana'a iri ɗaya wuri ɗaya, na ce wa mafi tsufa a cikinsu, "Baba, ki nuna mana yadda kike raba kuɗinki in kin tashi kasuwa." Aji ya kaure. Masu awara suka yi ta gardama a kan ko ruwan tsami yana da kuɗi. Wata mai daddawa ta gano cewa bashin da maƙwabta ke ɗauka ba sa biya ya kusa kai abin da take zubawa a asusu, ta riƙe baki tana salati. Nawa shi ne in zaga in jefa tambaya: wa ya biya wannan, daga ina ya fito? Da suka gama ne na zana jadawalin littafin a allo, suka cike shi da bakinsu, wadda ta iya rubutun ajami ta kwafa da ajami.

Ranar ma ba a sa hannu ba, domin da sauran aiki. Na bi su gida-gida na tsawon watanni. Wasu sun canza, mai daddawar ta daina ba da bashi sai ga wadda ta biya na baya, ɗaya daga masu awara ta haɗa kai da maƙwabciyarta suna sayen waken suya buhu guda maimakon mudu-mudu. Wasu ba su canza komai ba, kuma haka na rubuta a rahoton. Babbar mai horarwar ta karanta, ta kira wasu daga cikinsu ta ji daga bakinsu, sannan ta amince.

Ina da abin da ke damuna game da harkar nan, kuma zan faɗe shi. Yawancin jarrabawar da dala ake biyanta, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin ya fi ƙarfin irin yarinyar da nake a 2018. Ga Turanci, ga intanet, ga wuta. Na san matan da suka fi ni iya zama da jama'a, waɗanda sansani guda ke saurarensu, amma ba za su taɓa wuce matsayin 'yan sa-kai ba saboda waɗannan. A ɗaya gefen kuma an cika gari da masu tara matasa kwana biyu a ɗakin taro, su karɓi kuɗi, su miƙa musu takarda mai zanen zinariya da ke cewa sun zama ƙwararrun masu horarwa na duniya. Duk wanda ya zo mini da irin wannan talla, tambayar da dattijon nan ya sa na koya nake masa: wa zai gwada ka, kuma zai iya ce maka ba ka ci ba? Takardun nan biyu da nake ji da su, ɗaya na shiga ina tsoron faɗuwa, ɗaya kuwa sai da aka mayar da ni.

A farkon 2025, da manyan masu ba da tallafi suka janye kuɗi, aikinmu na cikin waɗanda suka tsaya. An sallame mu da yawa a mako guda. Na dawo Yobe, yanzu ƙungiyoyin gama-kai da na asusun mata ke kirana in horar da su, wani lokaci su biya daga akwatinsu, wani lokaci kuɗin mota kawai da abinci. Abin da nake samu bai kai albashin da ba, amma Alhamdulillahi bai yanke ba. Littafin nan mai kauri da na fara a 2018 ya zama uku, akwai 'yan mata biyu da ke zuwa wurina duk Asabar muna bin Project DPro da shi, su karanta Turancin, mu warware da Hausa.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaida Inna. Ƙanwata tana share ɗaki ta jawo gwangwanayen, na ga sun zama huɗu. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce na itace da niƙa ne, tun bara ta ware shi, kuma ta ƙara kuɗin kwalba kaɗan, masu saye sun yi ƙorafi mako biyu suka saba. Na ce to saura na biyar, na wahalarki. Ta ce in bar ta ta ji da suyarta, man yana ƙonewa. Na ajiye mata gwangwanin da na zo da shi a bakin gado, har na taho ba ta ce a ɗauke shi ba.